Aika Kuɗi Kaɗan Ƙetare Ba Tare da Asara Ba

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mai ƙaramin ƙarfi ya fi kowa biyan ladan aike da tsada. A ce kamfani yana yankar dala 5 a kowane aike. Leburan da ya tura wa mahaifiyarsa dala 50 daga Jidda ya rasa kashi 10 cikin ɗari, mai dala 200 kuwa kashi 2.5 kacal.

Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna cewa aika dala 200 yana cin kimanin kashi 6 cikin ɗari a duniya, zuwa Afirka kudu da Sahara kuma kusan kashi 8. Burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 nan da shekarar 2030.

Wuri biyu ake yankar kuɗinka: ladan da aka faɗa maka, da ribar da ke ɓoye cikin farashin canji. Mai cewa "kyauta ne" sau da yawa a canjin yake fanshewa. Shi ya sa tambaya ɗaya nake yi: nawa ne zai shiga hannun wanda na aika wa?

Kwatanta wurare biyu ko uku kafin ka biya. Turawa ta waya zuwa asusun waya yawanci ya fi banki araha. Idan babu gaggawa, haɗa aiken mako huɗu ya zama ɗaya. Sannan ka tsaya ga mai lasisi, ka kuma karɓi rasidi.