Uwar Kuɗi da Yaron Shago

Duk mai yi wa matasan Birnin Kudu huɗubar neman na kai, da wuya ya sauka bai ambaci Aliko Ɗangote ba, tunda a Kwalejin Gwamnati ta garin ya yi sakandare. Ba laifi. Sai dai akan manta cewa jikan Sanusi Ɗantata ne, kuma da jarin dangi ya fara. Saurayin Surko da ya haɗa kuɗin ƙodago da na adashi ya sayi injin niƙa ya fi kusa da mahaifin Sanusin, wato Alhassan Ɗantata, marayan Bebeji da ya yi almajirci, ya bi hanyar Gwanja fataucin goro, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe.

Ba ranar buɗe shago ake gane himma ba. Ranar kowa na da ita. Ana gane ta ne lokacin da aka yi ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ko da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, mai inji ya ga kuɗin mai ya cinye ribarsa. Amma ko waɗannan ba su kai wani abu kashe ƙananan sana'o'inmu ba: cin uwar kuɗi.

Ga yadda abin yake faruwa. Kaka ta yi, riɗi ya cika kasuwar Sara da ke Gwaram, farashi ya faɗi. Mutum ya auna buhu biyar ya jibge a ɗaki, yana jiran bazara. Kafin wata biyu ga suna, ga ƙanwa za a kai ɗakin miji, ga gwaggo ta aiko yaro da saƙon "a taimaka da na magani". Wa zai iya cewa babu alhali buhuna na jingine a bango? Sai a farke ɗaya, a sayar da tiya goma. Lokacin da farashi zai tashi, sai buhu biyu da rabi da haushi. Ni ban ga laifin zumunci ba. Laifin na wanda bai ware masa kasonsa ba ne. Mai sana'a ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kowane mako, hidimar gida da ta dangi duk a ciki. Idan ya ƙare, ya ƙare. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shugabanci kuwa yana farawa ne ranar da ka ɗauki yaro na farko. Alhassan Ɗantata ba shi kaɗai ya tara gyaɗar ba: wakilai gare shi, yana danƙa musu kuɗi su shiga ƙauyuka su auno. Irin wannan amana gina ta ake yi. Ubangidan da yaronsa bai san ladansa ba, sai dai kullum "ka yi haƙuri, Allah zai kawo", shi ya koya masa sa hannu a aljihun tebur. Wanda kuma yake zagin yaro gaban masu saye, ya sani in sun rabu, da cinikin yaron zai tafi, don shi mutane suka saba gani.

Tun ranar farko a zauna da uban yaron ko wansa, a faɗi abin da za a riƙa ba shi, da shekarun da zai yi kafin a yaye shi da ɗan jarinsa. A rubuta, a sa shaidu. Wasu na ganin hakan rashin yarda ne, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Littafin makaranta ɗaya ya isa: shafi na abin da ya shigo, shafi na abin da ya fita, shafi na masu "rubuta mini, sai ran kasuwa". Kowane dare ubangida da yaro su ƙirga kuɗin tare kafin a rufe ƙofa.