Amsa-Kuwwar Da Ke Leƙa Cikin Mutum

Wa a cikinmu bai taɓa leƙa rijiya ya ƙwala kira, ya ji muryarsa ta dawo ba? Da wannan amsa-kuwwar likitoci ke ganin abin da ke cikin mutum ba tare da an tsaga shi ba. Shi ne hoton da muke kira sikanin.

A 1955, wani likita a birnin Gilasgo na Sikotilan, Ian Donald, ya kwashi ƙarin da aka cire wa marasa lafiya ya kai wata masana'anta, inda ake amfani da sauti wajen gano tsagewar ƙarfe. Sai ya ga na'urarsu tana bambanta ƙari mai ruwa da mai tauri. Daga baya ya gwada ta a kan wata mata da aka fid da rai da ita, ana zaton dajin tumbi ne ya kumbura mata ciki. Ashe ƙari ne mai ruwa. Aka cire, ta warke.

To, yaya abin yake? Kunnenmu ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, amma na'urar tana aika mai kaɗawa miliyan 2 zuwa 5. A cikin nama yana gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya bugi hanta, ko saifa, ko ƙoda, ya dawo. Kwamfuta sai ta auna lokacin da ya ɗauka, ta zana hoto. Lissafin da muke yi ne a darasin fiziks: gudu sau lokaci, a raba biyu.

Babban abokin gabar wannan sauti shi ne iska. Shi ya sa ake shafa mai mai santsi a fata. Shi ya sa kuma ake cewa mu yi kamar awa 6 ba mu ci komai ba, don iskar hanji ta ragu, matsarmama ta cika, tsakuwar da ke cikinta ta fito sarai.

Da yawanmu mun ɗauka sikanin na masu juna biyu ne kaɗai, har wata ɗaliba kan ɓoye ciwonta don gudun tsegumi. Ba haka ba ne. Maza da yara ma ana yi musu, ba zafi. Idan ciwon ciki ya ƙi tafiya, musamman a ƙasan ɓangaren dama tare da zazzaɓi da amai, mu gaya wa iyaye a garzaya asibiti. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa.