Dalilin da Hilux ke kafewa a laka duk da giyar ƙafa huɗu

Da damina, motar hukuma mai kai magani ƙauye kan kafe a laka: tayoyin baya na juyawa, na gaba ko motsi. Sau da yawa matsalar ƙarama ce. Giyar 4L ba ta shiga sai direba ya tsaya, ya taka kuloci ko ya sa furi. A tsofaffin motoci, sai an murɗa makullin tayoyin gaba da hannu. Idan fitilar 4WD na ta ƙiftawa, a duba fis, wayoyi da ƙaramin injin da ke haɗa giyar, wanda ruwa da daɗewa ba aiki ke sandarar da shi. Shi ya sa Toyota ke ba da shawarar tafiyar kilomita 16 da giyar kowane wata. Tambaya ga hukumomi: ina kuɗin kula da motocin?