Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Raba Launukan Fentin da Ido Ke Ɗauka Iri Ɗaya Ne

Na'urar haɗa launin fenti inji ce da ake girkewa a manyan shagunan fenti na birane irin su Kano da Abuja da Legas. Amfaninta ya fi fitowa fili a launukan da suka yi kama da juna ƙwarai, musamman dangin ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, waɗanda ake yawan shafa wa ɗakuna a Jega da Aliero da Maiyama. Ba banza ake son su ba. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu nan take take bayyana a jikin farin bango, amma sai ta saje da ruwan ƙasa.

Sashe biyu ne da na'urar. Na farko ma'aunin launi ne, wanda ke haska samfur da fitilarsa, ya auna hasken da ya dawo a zangon da idon ɗan Adam ke gani, wato daga nanomita 400 zuwa 700. Daga nan ya mayar da launin lambobi uku bisa tsarin da Hukumar Haske ta Duniya, CIE, ta fitar a 1976. Lamba ɗaya tana nuna haske ko duhu, daga 0 zuwa 100, ta biyu karkata zuwa ja ko kore, ta uku zuwa rawaya ko shuɗi. Ana lissafa tazarar launi biyu da waɗannan lambobi, kuma in ba ta kai 1 ba, da wuya ido ya raba su.

Sashe na biyu shi ne injin zuba launi. Yana ɗauke da gwangwanaye, galibi 12 zuwa 16, kowanne da ruwan launi mai kauri. Ana ajiye bokitin farin fenti a ƙasansa, kwamfuta ta ba da umarni, famfuna su ɗiga adadin da ake buƙata, sannan wani injin ya girgiza bokitin na 'yan mintoci. Launi uku ne kan haifar da ruwan ƙasa: rawaya da ja, dukansu daga tsatsar ƙarfe, sai ɗan baƙi. Tsatsar nan ita ce dai ta ba jar ƙasa launinta. A ɗigo kaɗan bambancin yake. In ja ya ɗan rinjaya, bango ya karkata zuwa ruwan hoda. In rawaya ce, ya yi kamar man shanu. Baƙi kuwa, da zarar ya haɗu da rawaya, sai ya janyo wani kore-kore da ba a gani a bokiti sai a bango.

Mai fentin da ya yi sayayya a kasuwar Jega da hannu yake wannan aiki. Ya sayi farin fenti mai lita 20, ya tsiyaya kala, ya juya da sanda har idonsa ya gamsu. Akwai gwanaye a cikinsu, sai dai bokiti na biyu ba ya cika fitowa daidai da na farko ba. Shi ya sa masu dabara ke juye duk bokitan cikin babban mazubi ɗaya kafin su fara shafe. A babban gini, irin ɗakunan kwanan ɗalibai da suka yawaita a Aliero tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006, lambar haɗin da na'ura ke bugawa a jikin bokiti ta fi tunanin kowane gwani, domin ko bayan shekara za a iya sake fitar da launin.

Iyakar na'urar ita ce ba ta san ɗakin da za a shafa ba. Fenti biyu suna iya dacewa a hasken shago, su rabu a hasken gida, saboda sinadaran haɗinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwan lantarki mai lamba 2700K rawayan haske yake bayarwa, yana ƙara wa ruwan madara ɗumi, mai 6500K kuwa, irin farin da aka saba haɗawa da sola, yana mayar da shi wajen ruwan toka. Hasken da ya daki jar ƙasar tsakar gida ya shigo ta taga shi ma yana rina bango, haka labule da tayil. Ga shi kuma launi ya fi ƙarfi a faffaɗan bango fiye da a ɗan katin shago.

Hanyar gwaji mafi inganci ita ce a shafa kowane launi a fili mai faɗin kamar mita ɗaya, shafi biyu, a bar tazara tsakaninsu, a jira su bushe, domin jiƙaƙƙen fenti ba ya nuna ainihin launinsa. A duba da safe, da la'asar, da kuma dare a hasken ƙwan ɗakin, ana kara farar takarda kusa da kowanne don a ga inda ya karkata. Sabuwar filasta kuwa ana ba ta kimanin mako huɗu kafin gwaji, saboda danshi da gishirin siminti suna sa fenti ya yi dabbare-dabbare.