Yadda Baƙo Zai Ga Birnin Kano

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutane da yawa sukan je Kano su yi kwana uku, su komo ba su ga kome ba sai tasha da manyan kantuna. Ni na yi mako biyu a gidan kawuna a dogon hutu, ɗansa ya zaga da ni gari, shi ya sa nake so in bayyana yadda ya kamata baƙo ya raba yininsa da kuɗinsa.

Da farko dai sai a yi sammako a hau Dutsen Dala tun rana ba ta yi zafi ba. A hanya a tsaya wurin mai koko da ƙosai, domin hawan matakalan nan ba na mai yunwa ba ne. Tarihi ya nuna a nan Barbushe ya zauna yana bautar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. Daga bisa mutum zai hangi Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da rufin gidaje iyakar ganinsa. Amfanin fara zuwa nan shi ne baƙo ya gane gabas da yamma, in ya sauko ba zai ruɗe ba.

Daga Dala sai Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne ƙwarai, mota ba ta shiga, sai ƙafa. Akwai dukawa masu jakunkuna da takalma, da masu sirdi da linzami, da masu ƙwarya da kayan yaji. Kada baƙo ya biya kuɗin da aka fara faɗa masa. A nan sai an taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har ya sallama.

Kusa da kasuwar nan unguwar Jakara take, wadda ta shahara wajen gurasa, kuma a ganina wanda bai ci gurasar Kano ba bai gama zuwa Kano ba. Da garin alkama ko fulawa ake kwaɓa ta, a sa yisti, a bari ta tashi, sa'an nan a manna ta a jikin tanderu mai zafi har ta gasu. An ce Larabawan da suka zo fatauci ne suka kawo ta. In aka yayyafa mata ruwa ta yi laushi, aka barbaɗa garin ƙuliƙuli da yaji, aka zuba man gyada, aka yanka albasa da tumatir da kabeji, to ta zama bandashe. Ga araha, ga riƙe ciki. Ɗan kawuna ya koya mini dabara guda: a sayi abinci inda 'yan gari suka yi layi, domin abin da ake rububinsa ba ya kwana.

Bayan azahar sai Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi, kusa da Gidan Sarki. A can na ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. Abin da muke haddacewa a aji game da zuwan Turawa Kano a 1903, nan mutum zai gan shi da idonsa. Kuɗin shiga ba shi da yawa.

Amma inda na fi daɗewa shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Rijiyoyi ne masu zurfi a jere, ana zuba ruwa da baba da toka a ciki, a bar su kwanaki har su tsima. Marini yakan tsoma zane ya ɗago, ya sake tsomawa ya ɗago. Na tambayi dalili, wani dattijo ya ce, "Yaro, ai iska ce ke yin aikin." Gaskiya ne kuwa, zanen yakan fito kore-kore, da ya sha iska sai ya koma shuɗi a gabanka. Daga nan a kai shi wurin masu bugu, su yi ta dukansa a kan gungume har ya yi sheƙi. Abin da ya dame ni shi ne rijiyoyi da yawa sun bushe, wasu sun cika da shara, masu aikin kuma galibi dattawa ne. Haka ganuwar da aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, a wurare da dama ta zube, wasu sun ɗebi ƙasarta, wasu sun yi gini a kanta. Wanda ke so ya ga waɗannan abubuwa, gara ya hanzarta.

Wajen zirga-zirga, tun da aka hana acaɓa a 2013 mutane suka koma Adaidaita Sahu. A yi ciniki da direba kafin a shiga, a kuma riƙe canji.

Da magariba ta yi, sai masu tsire da balangu su hura wuta a bakin titi. A zaɓi wanda aka gasa a gaban mutum, a haɗa da gurasa. Mai son abu mai sanyi kuma ga fura da nono.

Ranar komawa gida sai a ware ta domin tsaraba. Atamfa da shadda a Kantin Kwari ake samunsu, sai dai a kula da aljihu saboda cunkoso. Ni da ɗan guzurina alkaki na saya wa ƙannena, kakata kuwa na kai mata zane ɗaya na Ƙofar Mata.