Ma'anonin "Stand Out" da Takwarorinsa a Hausa

Gabatarwa

A Turanci akwai rukunin aikatau da ake ginawa ta hanyar haɗa aikatau da 'yar kalma, inda ma'anar haɗin kan sha bamban da ta kalmomin a ɗaiɗaiku. "Stand out" na cikinsu. Wanda ya fassara shi kalma da kalma zai ce "tsaya a waje", alhali abin nufi shi ne abu ya fita daban har ido ko hankali ya kai kansa. Wannan maƙala ta duba ma'anoninsa huɗu, tare da misalai daga ƙasar Daura.

Ma'anoni da Takwarorinsu

Ta farko ta shafi gani da ido. A hawan Sallar Gani, laimar Sarkin Daura kan bambanta shi da sauran mahaya tun daga nesa. A nan Bahaushe zai ce ya "fita daban" ko ya "ɗauki ido".

Ta biyu ita ce fifiko. Rijiyoyi suna da yawa a ƙasar Hausa, amma Kusugu ta "yi fice" saboda labarin Bayajida da macijiya. Abin lura shi ne, Hausa ma daga tunanin fita ta gina wannan ma'ana. A tsarin ajujuwan aikatau na Parsons na 1960, "fita" tana aji na 3, "fice" kuwa tana aji na 4, inda "t" ta koma "c" ta hanyar ganɗantawa. Daga saiwar ɗaya aka sami "fitacce", "fitacciya" da "fitattu". Idan fifikon na gasa ne, "yi zarra" ta fi dacewa.

Ta uku ita ce bambanta ta fuskar aibi. Turanci kan yi amfani da lafazin nan ko yabo ake nufi ko suka, sai mahallin magana ya fayyace. Hausa kuwa ta keɓe "fita zakka" ga wanda halinsa ya saɓa wa na danginsa, galibi ta mummunar hanya. Hoton ya samo asali ne daga zakkar amfanin gona, inda manomin damina kan ware dami ɗaya cikin goma.

Ta huɗu kan zo ne idan an ƙara "against", kuma tana nufin turjewa ko ƙin amincewa da wani abu. Ba ta da alaƙa da shahara.

Kammalawa

Inda Turanci ya dunƙule, Hausa ta rarrabe. Saboda haka wajibi ne mai fassara ya tantance ko gani ake nufi, ko yabo, ko zargi, ko turjiya. Mai fassara takardar shaidar ɗalibi da ya rubuta "ya fita zakka" a madadin "ya yi fice" ya mayar da yabo zagi, kuma mai takardar ne zai ɗanɗana kuɗarsa.