Sarƙa Mai Tsatsa: Gaskiya da Ƙarya a Maganganun da Ke Yawo

A gidajenmu tsatsa alamar lalacewa ce. Wuƙa ta yi tsatsa a dirje ta da toka, kwanon rufi ya yi ja a fara lissafin kuɗin sabo. Shi ya sa ake mamaki idan aka ga masu haɗa kayan ado da hannu, musamman a Turai da Amurka, sun ɗauko tsohon mabuɗi ko ƙusa ko guntuwar waya, sun sa musu tsatsa da gangan, sun haɗa da fata da duwatsu da katako, sun fitar da abin wuya. Hotunan sun iso wayoyinmu, jita-jita ta biyo baya. Bari mu tankaɗe, mu ware tsaba daga dusa.

"Tsatsa ce ke jawo cutar sarƙe-haƙora." Ƙarya ce.

Ƙwayar cuta mai suna Clostridium tetani ce ke kawo ta, kuma mazauninta ƙasa da ƙura da kashin dabbobi. Ƙusar da ta daɗe a yashe a turke ko a bola takan kwashi tsatsa da ƙwayar a lokaci guda. Idan ta soki ƙafa, sai ta kai ƙwayar can ciki inda iska ba ta isa, a nan take hayayyafa. Sabuwar ƙusa ko ƙaya da ta taɓa wannan ƙasar ma za ta iya yin wannan ɓarnar. Mai tsintar tsoffin ƙarafa ya wanke su tas, ya goge kaifinsu, ya kuma tabbatar ya yi allurar rigakafi.

"Kowane ƙarfe na yin tsatsa." Ƙarya ce.

Jar tsatsa ta baƙin ƙarfe ce kaɗai, tana fitowa idan ya haɗu da ruwa da iska. Jan ƙarfe da tagulla kore suke yi. Mutum-mutumin 'Yanci da ke birnin New York, wanda Faransa ta ba Amurka aka buɗe a 1886, da launin jan ƙarfe ya zo, shekaru suka mayar da shi kore. Azurfa baƙi take yi idan ta haɗu da sinadarin farar wuta, har wasu masu sana'ar kan rufe zobe a leda tare da dafaffen ƙwai mai zafi don ya yi duhu. Zinare tsantsa kuwa ba ruwansa da ko ɗaya.

"Ana iya tsufar da sabon ƙarfe a yini ɗaya." Gaskiya ne.

Ana fara goge ƙarfen da sanfefa a wanke maiƙonsa, domin tsatsa ba ta kama inda mai yake. Sai a jiƙa shi da ruwan khal, a barbaɗa gishiri, a fesa masa ruwan haidirojin ɗin nan na kemis da ake wanke ciwo da shi. Nan take za ka ga yana kumfa, ruwan yana komawa kalar shayi. Kafin ya bushe a rana, ja-ja ya fara bayyana a gefe-gefe. A maimaita sau biyu ko uku, sai ka rantse shekara goma ya yi a ƙasa. A yi aikin a sarari da safar hannu, kada kuma a ajiye haɗin a rufaffiyar kwalba.

"A ƙara bilic, ya fi sauri." Wannan ce mai kisa.

Haɗa ruwan bilic, irin su Hypo, da ruwan khal yana fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Babu sarƙar da ta kai a saka rai a kanta.

"Idan tsatsa ta fara, sai ta cinye abin." Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Tsatsar da aka bari a buɗe za ta ci gaba da ci, gumi kuwa taki ne a gare ta, tunda ruwa ne da gishiri. Gwanintar tana wajen tsayar da ita: a ɗauraye da ruwan hodar soda don kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla, a busar sarai, a kakkaɓe ɓawon da bai kama ba, sannan a rufe da banish marar launi ko kakin zuma. Wasu na amfani da Renaissance Wax, wanda aka ƙirƙiro a ɗakin binciken gidan tarihi na British Museum a shekarun 1950. Dabarar rufe ƙarfe ba sabuwa ba ce. A 1813, lokacin yaƙi da Napoleon, matan Prussia sun miƙa wa gwamnati zinarensu an ba su kayan adon baƙin ƙarfe da aka shafe da baƙin shafi, ga su nan har yau a gidajen tarihi. Sai dai kaki yana goguwa, dole a riƙa sabunta shi.

"Duk abin da ya yi ja, tsatsa ce ta gaske." Ƙarya ce.

Da yawa katako ne ko roba ko kwali. Akwai fenti mai garin ƙarfe a ciki, wanda ake shafawa a fesa masa sinadari ya yi tsatsa a sama kawai. Wasu ma garin kirfa suke barbaɗawa a kan gam.

"Tsatsa na ɓata kaya." Gaskiya ce tsagwaronta.

Tabon tsatsa a farar shadda ba ya jin sabulu, bilic kuma ƙara kafa shi yake yi, sai ruwan lemun tsami da gishiri. A kan fata ma haka: jiƙaƙƙen ƙarfe ya zauna a kan fatar da aka jeme da bagaruwa, wurin baƙi zai yi. Dukawanmu sun daɗe da sanin wannan, da shi suke samun kuloko, baƙin rinin da suke zana fata da shi. Abin da ke ado a hannun baduku, tabo ne a hannun wanda bai rufe ƙarfensa ba.

Ƙaiƙayin wuya da kunne kuwa, galibi ƙarfen nikel ne ke jawo shi, wanda ake cakuɗawa a maƙalai masu araha. Duk da haka, kada ƙarfe mai tsatsa ya ratsa hujin kunne ko ya kwanta a kan ciwo.

Kafin ki biya kuɗi, ki goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a bayan abin. Idan ya fito da ja, aikin bai kammala ba, ki mayar wa mai shi.